Darussan Lissafi a Kogon Dodanni: Jagora ga Sabon Ɗan Wasa da Malaminsa

Gabatarwa

Akwai wani rukuni na wasannin kwamfuta da ya shafe fiye da shekara 40 yana ɗaukar hankalin ɗalibai a sassa daban-daban na duniya, wato wasannin kutsawa cikin kogon dodanni. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Akan jefa jarumi guda cikin wani gini na ƙarƙashin ƙasa mai hawa-hawa, ya yi ta gangarawa daga wannan hawa zuwa wancan, yana tsintar makamai da abinci, yana fafatawa da dodanni, har ya kai ga abin da ya fita nema, ko kuwa ya halaka a hanya. Da yake irin waɗannan wasanni sun shigo wayar hannu, ba abin mamaki ba ne uba ko malami ya tarar da yaro ya duƙufa a kansu, ya kuma yanke hukunci nan take cewa shashanci ne kawai.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan hukunci ya yi gaggawa. Dabarun da ke tserar da sabon ɗan wasa daga halaka a cikin kogon, su ne ainihin darussan lissafin yiwuwa da na jerin lambobi waɗanda ke cikin manhajar karatun babbar sakandare. Sai dai kuma amfanin ba ya zuwa da kansa, kuma akwai haɗari na gaske ga ɗalibin da aka sakar wa linzami. Domin a ga gaskiyar waɗannan batutuwa biyu, za a ɗauki kakan wasannin baki ɗaya, wato Rogue, a matsayin abin misali.

Asalin Wasan

An ƙirƙiri Rogue a shekarar 1980 a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a ƙasar Amurka. Ɗalibai biyu ne suka fara shi, Michael Toy da Glenn Wichman, daga baya Ken Arnold na reshen jami'ar da ke Berkeley ya shigo cikin aikin. A wancan zamani kwamfutocin jami'a ba sa nuna hotuna, sai haruffa da alamomin rubutu kurum. Saboda haka aka wakilta jarumin da alamar @, aka zana bangon ɗakuna da gajerun layuka, aka kuma ba kowane dodo harafi ɗaya daga cikin haruffan Ingilishi 26. Aikin mai wasa shi ne ya gangara zuwa hawa na 26, ya ɗauko wata laya da ake kira Layar Yendor, sa'an nan ya hauro da ita har ya fito sarari.

Abubuwa uku ne suka bambanta Rogue da wasannin da suka gabace shi a idon jama'a. Na farko, kwamfuta ce ke zana kogon sabo fil a duk lokacin da aka fara wasa, don haka haddar hanya ba ta da amfani. Na biyu, rai ɗaya ne: in jarumi ya mutu, shi ke nan, sai a koma farko da sabon kogo. Na uku, wasan bi-da-bi ne, wato dodanni ba sa motsi sai mai wasa ya motsa. Daga wannan tushe ne NetHack ya fito a 1987. A ƙasar Japan kuwa kamfanin Chunsoft ya ɗauki tsarin ya yi masa ado da hotuna a wasan Torneko na 1993 da na Shiren na 1995, sa'an nan a 2005 ya fitar da Pokémon Mystery Dungeon, inda mai wasa da kansa yake zama ɗaya daga cikin halittun. Duk da bambancin kamanni, dabarun da za a bayyana a nan suna aiki a kusan dukkansu.

Yadda Na'ura Ke Jefa Ƙuri'a

Kafin a shiga dabaru, ya kamata a fahimci inda sa'a take fitowa a cikin wasan. Kwamfuta ba ta da ɗan lido da za ta jefa. Abin da take yi shi ne bin wata ƙa'idar lissafi mai fitar da lambobin da suka yi kama da na ƙuri'a. Masanin lissafi D. H. Lehmer ne ya gabatar da shahararriyar hanyar yin haka a 1949, kuma ɗalibi na iya gwada irinta da fensir. A ɗauki lamba, a ninka ta sau 5, a ƙara 3, a raba da 16, a riƙe abin da ya yi saura. In an fara da 7, za a sami 38, saurarsa 6. Daga 6 za a sami 33, saurarsa 1. Haka za a ci gaba: 8, 11, 10, 5, 12, 15. Wanda bai san ƙa'idar ba zai ɗauka lambobin sun zo ne kara-zube, alhali kowace lamba tana da tabbataccen asali. Lambar da aka fara da ita ana kiranta iri, domin daga gare ta ne sauran suke tsirowa. Rogue yana amfani da ƙa'ida irin wannan, sai dai da manyan lambobi.

Da waɗannan lambobi ne wasan ke gina kowane hawa. Yakan kasa allon gida 9, uku a tsaye uku a kwance, ya sa ɗaki a yawancin gidajen, ya haɗa ɗakunan da siraran lunguna, sa'an nan ya warwatsa dodanni da kayayyaki. Da su ne kuma yake yanke hukunci ko sara ya samu dodo ko ya kuskure. Ke nan mai wasa ba shi da iko a kan abin da ƙuri'a za ta fitar, amma yana da cikakken iko a kan yawan ƙuri'ar da zai yarda a jefa a kan ransa. Dukkan dabarun da ke tafe rassa ne na wannan magana.

Dabara ta Farko: A Tsaya a Yi Tunani

Babban abin da ke kashe sabon ɗan wasa shi ne gaggawa. Ya saba da wasannin tsere da na harbi inda saurin yatsa ke ceton mutum, don haka da zarar ya ga dodo ya taso masa sai ya shiga danne-danne ba lissafi. A wasan bi-da-bi kuwa lokaci a tsaye yake cak muddin ba a taɓa madanni ba. Dodon da ya ɗaga hannu zai kai duka zai zauna a haka ko da mai wasa ya tashi ya ci abinci ya dawo. Saboda haka, lokacin da haɗari ya fi tsanani shi ne lokacin da ya fi dacewa a janye hannu, a duba makin lafiya, a buɗe jaka a ga abin da ke ciki, a kuma ƙirga taku nawa ne tsakanin jarumi da ƙofa ko matakala. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, kuma a nan ita ce ma ke kai mutum.

Dabara ta Biyu: A Yi Faɗa a Lungu

Filin wasan a kashe yake gida-gida kamar takardar lissafi. Wanda ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana da gidaje 8 kewaye da shi, wato dodanni 8 na iya kai masa hari a lokaci guda. Wanda ya ja da baya ya shiga lungu kuwa, dodo ɗaya ne kawai zai iya fuskantarsa, sauran su yi layi a bayan ɗan'uwansu. A Rogue ko bakin ƙofa ya wadatar, domin dokar wasan ta hana shiga ko fita ta ƙofa a karkace.

Lissafi zai nuna girman wannan bambanci. A ƙaddara dodanni 3 ne, kowanne yana buƙatar sara 4 kafin ya faɗi, kuma kowanne yana rage wa jarumi maki 2 a kowane zagaye. A tsakiyar ɗaki, zagaye 4 na farko dodanni 3 ke duka, an yi asarar maki 24. Zagaye 4 na biyu saura 2, an yi asarar 16. Na ƙarshe saura 1, an yi asarar 8. Jimla 48 ke nan. A lungu kuwa zagaye 12 ne, kowanne maki 2, jimla 24, wato rabi. In dodannin 5 ne, asarar tsakiyar ɗaki za ta kai 120, ta lungu kuwa 40 kacal. Ɗalibin da ya lura zai ga cewa asarar lungu tana ƙaruwa ne daidai da yawan dodanni, ta tsakiyar ɗaki kuwa tana bin jimlar 1 + 2 + 3 har zuwa yawansu, wato jimlar jerin lambobi masu tazara ɗaya da ake koyarwa a aji. Irin wannan tunani ne injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya bayyana a 1916, inda ya nuna cewa ƙarfin rundunar da dukkan mayaƙanta ke iya kai hari lokaci guda yana haɓaka fiye da yawan kawunanta. A wasannin Pokémon Mystery Dungeon akwai ɗakin da dodanni masu yawa ke zubowa da zarar an sa ƙafa, kuma maganin farko shi ne dai komawa lungun da aka fito.

Dabara ta Uku: Ƙaramin Haɗari Yana Taruwa

Sabon ɗan wasa kan ce a ransa: wannan dodo ai kusan kullum ina cin galabarsa. Matsalar tana cikin kalmar kusan. A ƙaddara yiwuwar tsira a kowane faɗa kashi 95 ne cikin 100. Wannan adadi yana da daɗin ji, amma yiwuwar tsira daga faɗa biyu a jere ita ce 0.95 sau 0.95, na uku a sake ninkawa, haka har ƙarshe. Bayan faɗa 14, yiwuwar cewa jarumin yana raye ta faɗo ƙasa da rabi. A faɗa 50 kuwa ba ta kai kashi 8 cikin 100 ba. Amma wanda ya yi haƙuri ya ɗaga yiwuwar tsirarsa zuwa kashi 99 a kowane faɗa, zai kai faɗa 50 da yiwuwar kusan kashi 60 cikin 100. Bambancin kashi 4 a faɗa ɗaya ya zama bambancin nasara da halaka a doguwar tafiya.

Hanyoyin samun wannan ƙarin kashi 4 sanannu ne. Jarumin Rogue yana farawa da makin lafiya 12 kurum, tare da sulke, da kulki, da baka da kibau, da ɗan guzuri. Ya kamata ya riƙe baka ya yi ta harbin dodo tun yana nesa, domin kowace kibiya da ta samu riba ce da ba a biya ta da jini ba. Dodon da aka tarar yana barci, in ba dole, a ƙyale shi ko a fara masa daga nesa. In lafiya ta ragu zuwa rabi, a ja da baya a huta kafin a buɗe sabuwar ƙofa. Haka kuma a san wurin matakala tun da wuri, domin a Rogue wanda ya gangara ya rabu da mai binsa, ko da yake a NetHack dodon da ke manne da jarumi yakan biyo shi. Gudu a nan ba abin kunya ba ne. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fid da shi, kuma a wasan da rai ɗaya ne wannan karin magana doka ce.

Akwai wani ruɗi da ke da alaƙa da wannan. In sara ya kuskure sau 3 a jere, mai wasa kan ji a jikinsa cewa na huɗu dole ya samu. Ƙuri'a ba ta da tunanin baya. Ɗan lidon da ya ƙi ba da shida sau 10, a jifa na 11 ma yiwuwar shida ɗaya ce cikin 6, ba ta ƙaru ba. Masana na kiran wannan ruɗin ɗan caca, kuma shi ne ke talauta masu cacar wasanni da ke cewa yau kam dole a dace tun da an daɗe ana faɗuwa.

Dabara ta Huɗu: Abinci Agogo Ne

Mai karatu zai iya tambaya: in hutawa na mayar da lafiya, me zai hana a yi ta hutawa? Masu ƙirƙirar wasan sun toshe wannan kafa da yunwa. A Rogue kowane ƙunshin abinci yana ɗaukar jarumi kimanin taku 1,300, kuma sabon abinci yana samuwa ne a sababbin hawa. Wanda ya daɗe yana zagaye wuri ɗaya zai fara jin yunwa, sa'an nan rauni, sa'an nan suma a gaban dodo. A Pokémon Mystery Dungeon ma akwai ma'aunin ciki da ke farawa daga 100 yana raguwa da tafiya, sai an ci tuffa ya farfaɗo.

Ke nan kowane taku yana da farashi, kuma dole a auna tsakanin buƙatu biyu. Wanda ya yi ta rugawa ƙasa zai gamu da manyan dodanni alhali bai tara kayan faɗa ba. Wanda ya yi ta jinkiri kuma yunwa za ta cim masa. Ma'auni mai kyau ga sabon shiga shi ne ya bincike kowane ɗaki a hawa na farko-farko, inda dodanni ke da rauni kuma tsintuwa ke da arha, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar ya gama zagaye hawa, kada ya ɓata taku, ya gangara. Kuma kada ya ci abinci sai wasan ya sanar da shi cewa yunwa ta zo, domin ciki yana da iyaka, abin da ya haura ta asara ne. Wannan shi ne tsarin kasafi: dukiya ƙayyadaddiya, buƙatu masu karo da juna.

Dabara ta Biyar: Gwaji Irin na Masu Kimiyya

A nan ne wasan ya fi kusa da ɗakin gwaje-gwaje. Jarumi kan tsinci kwalaben magani masu launi daban-daban da naɗaɗɗun takardu masu baƙin sunaye, ba tare da an gaya masa aikinsu ba. Kuma launin yana sauyawa daga wasa zuwa wasa: jar kwalba da ta warkar jiya, yau tana iya zama guba. Amma a cikin wasa guda, launi ɗaya aikinsa ɗaya ne. Saboda haka duk kwalbar da aka sha gwaji ce da ke ba da ilmi mai amfani har ƙarshen tafiyar.

A siga ta 5.4 ta Rogue akwai magani iri 14, kuma ba daidai suke da juna wajen yawa ba. Uku ne suka fi yawa, kowanne kashi 13 cikin 100: mai warkarwa, da mai ƙara ƙarfi, da mai mayar da ƙarfin da ya ragu. Dukkansu masu amfani ne. Masu cutarwa kuwa, guba da mai sa gane-gane kowanne kashi 8 ne, mai sa ruɗewa kashi 7, mai makantarwa kashi 5. To, a nan ga abin sha'awa. In kwalba ɗaya ce a hannu, yiwuwar ta kasance cikin ukun nan masu amfani kashi 39 ne. In kwalabe biyun farko da aka tsinta launinsu ɗaya, yiwuwar ta tashi zuwa kusan kashi 58. In uku ne launi ɗaya, ta kai kusan kashi 73. Dalili shi ne, abin da ya fi yawa shi ya fi saurin maimaituwa, don haka maimaituwar kanta shaida ce. Wannan hanya ta gyara zato bisa sabuwar shaida ita ce ake dangantawa da Thomas Bayes, wanda aka buga aikinsa a 1763 bayan rasuwarsa, kuma da irinta ne likitoci ke fassara sakamakon gwajin cuta.

Daga nan dokokin gwaji suka fito. A fara da launin da aka fi tarawa. A yi gwaji a wuri mai aminci, bayan an share hawa daga dodanni, lafiya kuma a cike, domin in makanta ko ruɗewa ta zo ta tarar ba mai cin gajiyarta. A gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin a san wane ne ya haifar da me. Zobe ko sulken da ba a san asalinsa ba a yi hattara da shi, saboda wani la'ananne ne, in an sa ba ya cirewa. Daga ƙarshe, abin da aka riga aka san amfaninsa a yi aiki da shi in rana ta ɓaci. Sau da yawa sabon ɗan wasa kan mutu da kwalbar warkarwa a jakarsa, yana ajiyarta don wata babbar rana da ba zai gani ba.

Dabara ta Shida: A San Dodo, a Kuma Rubuta Sanadin Mutuwa

Ba kowane dodo ake tunkara da kulki ba. A wannan siga ta Rogue, mai harafin A yana sa sulke tsatsa, mai harafin R maciji ne da dafinsa ke rage ƙarfi, L yana sace zinariya ya ɓace, N tana sace kayan jaka, F kuwa tsiro ne da ke riƙe mutum ya hana shi gudu. Kowanne da irin maganinsa: wani a harbe shi daga nesa, wani a kauce masa ɗungurungum. Hanyar sanin wannan ita ce lura da rubutawa. Ɗalibin da ya ware littafi yana rubuta hawan da ya mutu, da abin da ya kashe shi, da abin da ya rage a jakarsa, bayan wasa 20 zai ga cewa yawancin mace-macensa sanadinsu biyu ne ko uku. Wannan shi ne tattara bayanai da fid da ƙa'ida daga cikinsu, wato ƙashin bayan aikin kimiyya.

Akwai shaida daga tarihi cewa bin ƙa'ida ya fi jarumtaka a wannan fage. A 1981 wasu ɗaliban babban digiri 4 a Jami'ar Carnegie Mellon, wato Michael Mauldin, da Andrew Appel, da Guy Jacobson, da Leonard Hamey, suka rubuta wani shiri mai suna Rog-O-Matic wanda ke buga Rogue da kansa ta hanyar bin dokoki irin waɗanda aka zayyana a sama. A gwajin da aka yi a 1983, matsakaicin makinsa ya zarce na gwanayen 'yan wasan jami'ar. Shirin ba ya fushi, ba ya kwaɗayi, ba ya gaggawa. Haka kuma a gasar NetHack da aka shirya wa masu binciken ƙirƙirarriyar basira a 2021, shirye-shiryen da aka gina bisa rubutattun dokoki sun fi waɗanda suka koyi wasan da kansu, kuma babu ko ɗaya da ya kai ƙarshen wasan.

Hujjojin Masu Suka

Adalci ne a saurari masu adawa, domin suna da hujjoji masu nauyi. Hujja ta farko ita ce, ƙwarewa a wasa ba lalle ta zama ƙwarewa a aji ba. Wannan gaskiya ne. A 2018 masana halayyar ɗan Adam Giovanni Sala da Fernand Gobet tare da abokin aikinsu sun tattara sakamakon bincike masu yawa, suka kammala da cewa buga wasannin bidiyo ba ya ƙara kaifin basira gaba ɗaya. Wanda ya yi ta wasa, a wasan yake gwanancewa. Don haka duk mai cewa wasa kaɗai zai sa yaro ya ci jarrabawar lissafi yaudarar kansa yake yi. Abin da wasan ke bayarwa shi ne misali mai rai, wanda ɗalibi ya riga ya damu da shi. Sai malami ya fito da lissafin fili, ya rubuta shi a allo, ya kuma nuna inda yake aiki a wajen wasan, sa'an nan misalin ya zama ilmi. Ba sabon abu ba ne lissafi ya fito daga wasa: ilmin yiwuwa kansa ya kafu ne a wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a 1654 a kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama.

Hujja ta biyu ita ce cin lokaci, kuma ita ce mafi girma. Tsarin mutu-ka-sake yana da jan hankali ƙwarai, domin kullum mai wasa na jin cewa saura ƙiris. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya larurar wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Alamominta su ne kasa sarrafa lokacin wasa, da fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da ɓarnar da yake jawowa, yawanci na tsawon wata 12. Ƙalilan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi, amma tun kafin a kai can, barcin da aka rasa da aikin gida da aka bari asara ce ta gaske.

Hujja ta uku ta shafi kuɗi. Yawancin wasannin waya na zamani kyauta ake saukar da su, amma wasunsu suna sayar da akwatunan sa'a, inda yaro zai biya kuɗi ba tare da sanin abin da zai samu ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke hukuncin cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne. Wasan da ke sayar da nasara ya rushe dukkan darussan da aka ambata, domin ya maye gurbin tunani da aljihu. Rogue da NetHack ba su da wannan illa, kuma ana samunsu kyauta.

Shawara ga Malamai da Ɗalibai

Malamin lissafi ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya ci moriyar wannan fage. Takarda mai gida-gida, da ɗan lido, da 'yan duwatsu a matsayin dodanni sun isa a kafa ƙaramin kogo a kan tebur. Sai a kasa aji gida biyu, wasu su yi faɗa a tsakiyar ɗaki, wasu a lungu, kowane rukuni ya maimaita sau 30, a rubuta sakamako, a kwatanta shi da abin da lissafi ya hango. A wani darasin kuma a sa ɗalibai su ninka 0.95 da kanta har su ga inda ta faɗo ƙasa da rabi, sa'an nan a tambaye su abin da wannan ke nufi ga mai tuƙin ganganci kullum, ko mai haɗa wasanni 10 a tikitin caca ɗaya.

Ga ɗalibi kuwa, sharuɗɗa uku sun wadatar. Ya ƙayyade lokacin wasa tun kafin ya fara, bayan ya sauke nauyin karatu, da ibada, da aikin gida. Ya guji duk wasan da ke neman kuɗinsa don ya jefa masa ƙuri'a. Ya kuma riƙa tambayar kansa bayan kowace faɗuwa: wane mataki ne ya jawo wannan, kuma me lissafi ya ce game da shi?

Kammalawa

An ga yadda dabarun sabon ɗan wasa, tun daga tsayawa a lungu har zuwa gwajin kwalabe, suke da tushe a jerin lambobi, da ninka yiwuwa, da kasafi, da hanyar gwaji ta kimiyya. An kuma ga cewa wasan shi kaɗai ba ya koyar da kowa lissafi, kuma yana iya cinye lokacin da ya fi shi daraja. Abin da ya rage shi ne zaɓi. Makarantar da ta tsaya a kan kwace waya kurum za ta bar ɗalibi da wasansa a ɓoye, babu jagora. Wadda ta ɗauki abin da ɗalibi ya riga ya sani ta ɗora darasi a kansa kuwa, za ta iya fitar da matashin da ya fahimci cewa ƙaramin haɗarin da ake maimaitawa yana taruwa ya zama babba, kuma ƙuri'a ba ta bin kowa bashi. Wannan fahimta za ta yi masa amfani a zauren jarrabawa, da kan titi, da kasuwa, da duk ranar da wani ya zo masa da alkawarin riba ta dare ɗaya.